Tambayi Tela: Maɗaurin Velcro a Jikin Riga da Takalmi

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan karon da yawansu a kan abu guda suke, wato maɗaurin nan na Velcro mai ɓari biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, wanda in an danna ya kama, in an ja ya buɗe da ƙara. Shi ya sa na ware su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan surfani da yadda ake gane shadda ta gari, ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Yarana uku ne a firamare, kuma kusan kowane zango sai na saya musu sabon sandal. Ba tsinkewa yake yi ba, ƙasansa ma bai cinye ba, maɗaurin ne kawai yake daina kamawa, yaro na tafe takalmi na fita. Babansu ya ce ya gaji, in koma mai igiya ko mai ƙarfe. Mene ne abin yi?
Daga wata uwa a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su. Kafin komai, je ki tattaro takalman da kika jibge a lungu, don ina kyautata zaton yawancinsu za su koma ƙafa.

Ɗauki guda ki fito da shi tsakar gida inda haske yake, ki buɗe maɗaurin, ki ƙura wa ɓarin nan mai kaushi ido. Za ki ga ƙananan ƙugiyoyi a jere layi-layi, kowace ta lanƙwashe kai. Shi kuwa ɓari mai laushi, abin da ido ke ɗauka gashi ne, siraran zarurruka ne da aka saƙa zobe-zobe. In aka danna, ƙugiya ta faɗa cikin zobe ta riƙe. Guda ɗaya ba ta da wani ƙarfi, amma in ɗaruruwa suka kama lokaci guda sai su riƙe ƙafar yaro ko da gudu yake. To, a takalmin ɗan firamare, abin da za ki tarar a tsakanin ƙugiyoyin nan shi ne audugar safa ta dunƙule ta yi toka-toka, ga zare, ga gashi, ga guntayen ciyawa, ƙurar hunturu kuma ta bi ta like su. Ƙugiyar da bakinta ya cika da auduga ba ta da inda za ta kama wani abu.

Samu mataji mai ƙananan haƙora ko tsohon buroshin goge baki, ki riƙa sharo dattin kina bin layi zuwa gefe guda. Wanda ya ƙi fita ki zura allura ta ƙarƙashinsa ki ɗago, zai taso a dunƙule. Sai a wanke da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe sarai. Ɓari mai laushi kuwa da yatsa ake tsince shi, in aka kai masa buroshi mai ƙarfi zoben ne zai tsintsinke. Ina ganin masu kara masa ashana don su ƙone gashin da ya tashi. Don Allah a daina. Nailan ne, narkewa yake yi ya dunƙule, daga nan ba ya ƙara moruwa.

In an share bai kama ba, ga gwajin da za ki yi. Sayi guntun sabo wajen masu kayan ɗinki, a yadi suke yankawa, rabin yadi ma zai ishe ki. Danna sabon ɓari mai laushi a kan tsohuwar ƙugiyar takalmin. In ya kama gam, to ƙugiyar lafiyarta ƙalau, mai laushin ne ya mutu, kuma galibi shi ne ke fara mutuwa, domin duk buɗewa sai wasu zobba sun tsinke. Sai ki kai wa mai gyaran takalmi ya farke tsohon ya ɗinka sabo. Ki tsaya a kansa ya ɗinka da zare. In ya shafa gam kawai ya manna, ba zai kai ƙarshen wata ba.

Akwai kuma abin da ke hannun yaran. Yawancinsu ba sa buɗe maɗauri, sai su taka dunduniyar takalmi da ɗaya ƙafar su fizge, da safe kuma su tura ƙafa da ƙarfi. Wannan ke sa madaurin ya saki. Sannan ki duba ko ƙafar ce ta girma. In bakin maɗaurin kaɗai ke isa ya taɓa ɗan'uwansa, ba laifin Velcro ba ne, takalmin ne ya yi kaɗan.

Matsalar ƙura ba mu kaɗai ta dama ba. Sojojin Amurka sun fito da kaki mai wannan maɗauri a aljihu a shekarar 2004. Da aka je Afganistan, yashi da ƙura suka cika shi, aljihun wando ya riƙa buɗewa da kansa, har a 2010 suka mayar da maɓalli a aljihun wandon.

Game da maganar babansu, yana da gaskiya rabi. Mai ƙarfe ya fi daɗewa, wannan ba musu. Amma yaro ba ya iya ɗaure igiya da kyau sai ya kai wajen shekara biyar ko shida, wani ma ya wuce haka, kuma yaranmu a wuni sau nawa suke cire takalmi? Ga Islamiyya, ga masallaci, ga alwala, ga shiga ɗaki. Ni a ganina ki bar wa ƙaramin mai mannewa, manyan biyu a saya musu mai ƙarfe.

Tambaya: Baba ina gaisuwa. Ban daɗe da aka yaye ni daga wajen maigidana ba, na buɗe shagona. An ba ni ɗinkin rigunan aiki na wani gidan abinci, aka ce a sa Velcro maimakon maɓalli. Na sayo mai gam a baya don ya zauna mini kafin in ɗinka. Yanzu allura sai danƙo take yi, zare na tsinkewa, keke na tsallake ɗinki. Keken ne ya lalace?
Daga wani tela a Maraɗi

Amsa: Ɗana, Allah ya sa wa shago albarka. Kekenka lafiya lau yake. Wanda ka sayo ba na tufafi ba ne. Mai gam a baya an yi shi ne don mannawa a jikin katako ko ƙarfe ko roba, kamar ragar sauro a taga. In allura ta huda shi sai ta kwaso gam, zare ya kasa wucewa ta hancinta, ɗinki ya tsallake. Ko da ka samu ka gama, zafin Maraɗi na watan Afrilu zai sa gam ɗin ya yi laushi ya ɓullo ta gefe ya kama datti, wanki kuma ya ƙarasa shi. Ajiye shi don wani aikin. Cire allurar ka canza, ka goge ƙafar keken da tsumma da ɗan kananzir, sannan ka bi da busasshen tsumma kada ya ɓata wa mutane yadi.

Wanda za ka nema shi ne na ɗinki, bayansa saƙa ce zalla. Yana zuwa a naɗi, galibi mita 25, faɗinsa kuma iri-iri: akwai milimita 20, akwai 25 wato inci ɗaya, akwai 50 wato inci biyu, har da wanda ya fi haka. Ga gaban riga, mai 20 ko 25 ya wadatar. Kafin ka biya, haɗa ɓarin biyu ka danna, ka buɗe, ka maimaita sau da yawa a wuri guda, sannan ka duba mai laushin. In tun a nan ya fara tashi buzu-buzu, mayar musu da kayansu, araha ba ta ado. Kuma iri biyu ne a kasuwa. Na nailan ya fi laushi, ya fi jure yawan buɗewa da rufewa, sai dai in ya jiƙe riƙonsa kan ragu har sai ya bushe. Na foliyesta bai damu da ruwa da rana ba, amma ya fi saurin gajiya da buɗe-buɗe. Riga da ake sawa kullum, na nailan. Rumfa ko murfin babur da ke kwana a waje, na foliyesta.

Wajen ɗinki, sa allura lamba 16, in yadin mara nauyi ne 14, da zare mai ƙarfi, ka ɗan buɗe tsawon ɗinkin. Ka lura kowane ɓari yana da siririn baki a gefe da gefe wanda ba ƙugiya ba zobe. Ta nan ake bi. In ka hau kan ƙugiyoyin, zaren sama zai riƙa maƙalewa yana tsinkewa. In kana da ƙafar ɗinkin zif, sa ta, ta fi shiga wannan bakin. In dole sai ka ratsa ta tsakiya, shimfiɗa 'yar takarda a kai ka ɗinka, in ka gama ka yage ta. Ka kewaye shi ta fuska huɗu, ka koma baya a farko da ƙarshe. Kusurwoyin kuma ka zagaye su da almakashi kafin ka ɗinka, domin kusurwa mai tsini ita ke sukar fata, kuma ta nan yake fara ɗagowa. In yadin mara kauri ne, ninka shi ko ka sa masa ƙyallen ƙarfafawar nan da muke sa wa wuyan riga, in ba haka ba maɗaurin zai fi yadin ƙarfi, a ja ya yage.

Abu biyu kada ka manta da su. Na farko, ƙugiya tana bai wa fata baya. Wato mai kaushi a ɓangaren rigar da ke ƙasa yana kallon waje, mai laushi a ɓangaren da ke rufowa yana kallon jiki. Na biyu, wannan maɗauri yana da ƙarfi ƙwarai in an ja shi a kwance, ɓari na zamewa a kan ɓari, amma in aka ɗago bakinsa aka ɓare, ƙaramin yaro ma zai buɗe. Saboda haka ka sa shi inda nauyi zai ja shi a kwance. Ka ga dalilin da ya sa madaurin takalmi mai kyau ke bi ta cikin zoben ƙarfe ya juyo ya kwanta a kan kansa: zoben ya raba nauyin, abin da ya rage kuma a kwance yake ja.

Sannan ka ɗinka shi a fili inda za a iya farkewa, kada ka cusa bakinsa cikin kalmasa ko cikin haɗin yadi. Zai riga rigar mutuwa, kuma wanda za a kawo wa canji wataƙila kai ne. Tunda masu girki ne za su sa, ka faɗa musu su kiyaye shi da bakin wuta.

Tambaya: Malam, gardama muke da abokaina. Wai gaskiya ne hukumar sararin samaniya ta Amurka ce ta ƙirƙiro Velcro don masu zuwa duniyar wata?
Daga wani ɗalibi a Zariya

Amsa: A'a ɗana, amfani suka yi da shi, ba su suka ƙirƙira ba. Mai ƙirƙirar wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral. A shekarar 1941 ya dawo daga farauta a tsaunukan Alps, ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a wandonsa da gashin karensa. Duk wanda ya taɓa ratsa gona bayan damina ya fito da ƙarangiya a ƙafar wando ya san irin abin. Shi sai ya sa ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zaren yadi, ya ƙudura sai ya saƙa irinta.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne daɗewar da ya yi yana fama. Ya tafi Lyon a Faransa, garin masaƙa, aka fara gwada masa da auduga, ta kama amma ba ta daɗe ba ta lalace. Sai ya koma nailan, ya gano in aka saƙa shi zobe-zobe aka gasa da zafi yana riƙe siffarsa, in kuma aka datse gefe guda na zoben sai ya zama ƙugiya. Samo injin da zai yi wannan datsar da yawa ya ci masa shekaru. Sai a 1955 ya samu takardar mallakar fasahar. Masu tufafi ba su karɓe shi da wuri ba, suna ganin ba shi da kyan gani. Da aka ga 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo, na zuwa duniyar wata, suna manna kayansu da shi don kada su riƙa yawo a cikin kumbo, sai sunansa ya fito, daga nan mutane suka ɗauka can aka haife shi. Kamfanin Puma ya sa shi a takalmin wasanni a 1968. Wa'adin takardar mallakar ya ƙare a 1978, kowa ya samu damar yin nasa. Shi ya sa yau za ka ga mai kyau da mara kyau a kasuwa, duk da suna guda ake kiransu, alhali Velcro sunan kamfani ɗaya ne.

Tambaya: Baba, raina ya ɓaci. Na sayi gwaggwaron nan da ake sayarwa a ɗaure, mai Velcro a ƙeya. Ranar biki ya kama mini sabon mayafi ya zazzaro zare, ya kuma cizge mini gashin ƙeya. Niƙabina ma haka yake yi wa hijabi. Ko in daina saye?
Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Amsa: Sannu 'yata, abin da ciwo. Ƙugiya ba ta san bambancin ɗan'uwanta da mayafinki ba, duk abin da ke da zare a sake kama shi take yi: leshi, mayafi mai shara-shara, rigar sanyi, safa, gashi. Abin da ya faru shi ne mai ɗinkin ya sa ɓari mai kaushi ya yi tsawo don ya shiga kowane kai, da kika ɗaura daidai kanki sai saura ya rage a buɗe. Wannan sauran shi ya yi ɓarnar. Daidai shi ne mai laushi ya zama shi ne dogo, mai kaushi gajere, yadda ko ina aka ɗaura ƙugiya a rufe take ruf.

Ba sai kin daina saye ba. Ɗaura shi daidai kanki, a sa miki alama inda ya tsaya, ki kai wa tela ya farke sauran ƙugiyar ya yanke. In ba kya son a taɓa ɗinkin, yanki guntun mai laushi ki danna a kan wurin da ya rage, ya zauna nan. Niƙabi kuwa, ni na fi son mai igiya ko mai ƙaramin maɓallin dannawa, domin kullum yana gogar hijabi.

Zaren da ya zaro a mayafin kada ki yanke shi, rami zai zama. Shimfiɗa mayafin, ki riƙa jan yadin a hankali ta gefe da gefe da sama da ƙasa, yawancin zaren zai koma mazauninsa. Abin da ya rage ki tura shi baya da allura.

Wajen wanki kuma, a rufe maɗauri tukuna, a juya kayan ciki waje, kada a jiƙa shi a baho ɗaya da mayafai da safa. Ki gaya wa mai wanki da guga kada ya ɗora dutse a kansa, musamman na gawayi da ba a iya saita zafinsa. Da ƙugiyoyin sun sha zafi suka kwanta, ba sa sake tashi.

Tambaya: Malam, in sa wa kaftanin shadda Velcro a wuya da hannu? Maɓallai suna yawan ɓace mini.
Daga wani magidanci a Bauci

Amsa: Alhaji, ban ba ka shawara ba. Gaban kaftani zai sandare ya ƙi kwanciya, layin ɗinkin zai fito a fuskar shadda, kuma ƙugiyar za ta riƙa cin zaren aikin wuya. Ga shi shadda sai da bugu, masu bugu kuwa in suka sauke masa itace sau biyu ya gama aiki. Sa a ɗinka maka maɓallin da zare ninki, a naɗe gindinsa a ƙulle, kuma tela ya ɗinka maka biyu na ajiya a cikin kalmasar ƙasa. Mutum ɗaya nake yi wa wannan aikin a kaftani da hannu bibbiyu, shi ne irin wanda ke cikin tambaya ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama. Alhamdu lillahi yana samun sauƙi, yana takawa da sanda. Amma ba ya iya ɓalle maɓalli ko ɗaure zariya, sai an yi masa. Mutum ne da bai saba a yi masa komai ba. Yanzu ya daina son fita, ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa, in za a sa masa kaya sai ya kau da kai. Likitan gashin ƙashi, mai motsa masa gaɓoɓi, ya ce a nemi kaya masu Velcro, shi kuma ya ce ba zai sa kayan yara ba. Ka taimaka mana.
Daga wani ɗa a Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku. Duk cikin saƙonnin nan naka ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan ne wannan maɗauri ya fi amfani a duniya.

Mahaifinku yana da gaskiya. Dattijon da ya yi shekaru yana fita cikin kaftani da hula ba za a kawo masa wata riga mai faffaɗan manne a ƙirji a ce ya shiga mutane da ita ba. Kada ku sayo masa sababbin kaya. Kayansa da ya saba da su, waɗanda jama'a suka san shi da su, su za a gyara, yadda mai kallo ba zai ga an taɓa ba.

Ga yadda nake yi. Ina cire maɓallan kaftanin, in ɗinke ramukansu, in mayar da kowane maɓalli a kan raminsa ta waje. Duk wanda ya kalla zai ga kamar maɓallan ne suka rufe rigar. Ta ciki kuma, daidai ƙarƙashin kowane maɓalli, sai in sa ɗan guntun Velcro, faɗin babban yatsa, kusurwa a zagaye, launi daidai da yadin. Ba na sa dogo tun daga wuya har ƙasa, saboda yana sandarar da gaban riga, kuma mai hannu ɗaya ba ya iya daidaita dogon layi, in farko ya karkace duka ya karkace. Guntaye kuwa, sai ya kamo ya danna da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Na can sama kusa da maƙogwaro, tela ya tabbata mai laushi ne ke kallon fata. Bakin hannun riga kuma, na ɓangaren hagu mai lafiya shi ne mai wuya, tunda hannun da zai rufe shi ne ya samu matsala. Wannan a buɗe shi yadda hannu zai wuce ba sai an ɓalle ba, ko a ɗinka maɓallin da zaren roba.

Wando ya fi riga muhimmanci, domin nan ne sirrin mutum yake. A zare zariya a sa roba mai faɗi, ba mai matsewa ba, a ɗinka 'yar madauki ta yadi a ƙugu ta ɓangaren hagu inda zai zura yatsa ya ja. In wandon mai buɗewa ne ta gaba, a sa maɗauri mai inci biyu a ƙugu, bakinsa ya fuskanci inda hannun hagu zai kama cikin sauƙi. Ranar da ya shiga bayi ya fito ba tare da ya kira kowa ba, za ku ga canji a fuskarsa.

Wajen sawa, hannun da ya shanye shi ke fara shiga, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Haka ƙafa. A zaune zai yi, ba a tsaye ba. Ku nuna wa likitan gashin kayan in an gyara, ya koya masa a gabanku.

Takalmi kuma, a rabu da silifa, tana zamewa daga ƙafar da ba ta da ƙarfi ta kayar da mutum. A samu na fata mai madauri a dunduniya da wani a bisa ƙafa, ƙasansa mara santsi. Madaurin ya bi ta zoben ƙarfe ya juyo, a bar masa baki mai ɗan tsawo wanda ba manne a jiki, don yatsa ya samu abin kamawa. Dukawanmu sun iya wannan sarai, a Kano in ka shiga Ƙofar Wambai za a yi maka, na san Katsina ma ba za a rasa ba. Ku kai ƙafar a auna, kada a yi da ƙiyasi. In likita ya ba shi abin tallafar ƙafa da ake sawa cikin takalmi, a auna da shi a jiki.

Abu na ƙarshe, kada ku yi masa a ɓoye ku kawo. Ɗauki kaftani guda da ya fi so, ka nemi izininsa, in an gyara ka ajiye masa ka fita daga ɗakin. In ya ɗauki lokaci kada kowa ya leƙa ya ce a kawo in taya ka. Bari sai ya kira.

Tambaya: Baba, mahaifiyata tana da ciwon suga, ƙafarta na kumbura da yamma. Takalmi mai Velcro zai yi mata?
Daga wata 'ya a Damagaram

Amsa: Zai yi 'yata, shi ma ya fi, domin ana sassauta shi ana ƙarawa gwargwadon kumburin. Irinsa ake yi wa masu larurar kuturta a asibitocinsu, da shimfiɗar roba mai taushi a ciki, ba ƙusa ko ɗaya. Amma ki kula da kyau. Ciwon suga in ya daɗe yana rage jin ƙafa, za a iya matse mata madauri ya yanke ta ba ta ji ba. In an ɗaura, zura yatsanki a ƙarƙashin madaurin, in bai shiga ba ya matse. Da yamma za a je awo ko saye, lokacin da ƙafar ta cika. A zaɓi mai rufe yatsu, mai faɗin gaba, madaurin mai faɗi, kuma a shafa cikinsa da hannu a tabbata ba bakin ƙugiya ko kullin zare da ke taɓa fata. Ta riƙa sa safa mai laushi, mara matse ƙwauri.

Kullum kafin ta sa, a zazzage takalmin a laluba cikinsa saboda tsakuwa. Da dare in ta cire, ki duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu da inda madauri ya kwanta. Sabon takalmi kuma kada ta wuni da shi ranar farko, ta sa na ɗan lokaci a cire a duba. In kika ga ja da bai baje ba, ko bororo, ko 'yar tsaga komai ƙanƙantarta, a ajiye takalmin a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.